Rufin Aro na Manay Sinang

A unguwarmu ta bakin teku, can bayan garin Tabaco, Manay Sinang ce mai banda. Manay a yarenmu kamar a ce Yaya ne, na namiji kuma Manoy. Sunanta na takarda Eufrosina Bongalon, amma banki kaɗai ke kiranta da shi. Kullum da sassafe tana bakin ruwa tana jiran masunta, ta sayi kifi, ta gyara, ta jera shi a kan hayaƙin ɓawon kwakwa, kafin rana ta take tana kasuwa. Shekararta hamsin da takwas, gajeruwa ce, kuma ba ta son a yi mata alfarma. In ka ba ta ayaba yau, gobe za ka tarar da kifi biyu a ƙofarka.

Gidanta na bulo ne, ɗaki biyu da falo. Da bashin banki suka saye shi ita da mijinta Dolpo, direban motar haya, su biyu suka sa hannu. Da ya rasu ta ci gaba da biya ita kaɗai, har da kuɗin inshorar gidan da bankin ke haɗawa a ciki duk wata. Rasit ɗin kuwa suna cikin gwangwanin biskit, a naɗe cikin leda biyu.

A nan, duk wanda ya sayi kwanon rufi, kafin ya ɗora sai ya rubuta sunan gidansu da fenti a cikin kowane falle. Guguwa ce ta koya mana. In ta wuce, ka bi gonakin shinkafa ka tsinci naka, ba rigima.

Guguwar watan Nuwamba ba ta bar wa Manay abin tsinta ba. Muna fake a makaranta ta kwashe rufin gidanta gaba ɗaya ta yi teku da shi. Da muka dawo da hantsi, muka same ta tsaye a tsakiyar falo, ruwa har idon sawu, tana rungume da gwangwanin nan.

Manoy Gorio kafinta ne, dattijo mai baki, shi ya yi gayya. "Kun tsaya kuna kallonta kamar an zo biki! Wanda ke da kwanon da ba a ƙarƙashinsa yake kwana ba, ya je ya ciro."

Aka ciro na ɗakin girki, na garken alade, na rumfar kwale-kwale. Ni na kawo biyu daga ɗakin girkin mahaifiyata. Falle ashirin da biyu daga gida tara. Kafin yamma mun rufe gidan, Manay ta dafa mana shinkafa da kifi a madarar kwakwa, tana ta cewa, "Aro ne fa. Da kuɗin inshora sun fito kowa zai karɓi abinsa." Babu wanda ya ɗauki hoto. Babu wuta, wayoyi duk sun mutu, kuma ko da akwai, wa zai tsaya ɗaukar hoton bazawara cikin ruwa yana da guduma a hannu?

Abin da ya biyo baya, daga bakinta na ji shi, tana juya kifi ina zaune a kan kututture.

Kamfanin inshora bai ja magana ba. Da takardar shaidar mai unguwa ya yarda, ya biya, amma ga banki ya aika kuɗin, tunda gidan na jingine a hannunsu. Manay ta shiga mota zuwa birnin Legazpi, tafiyar awa guda, ta karɓi lamba ta bi layi. Ma'aikaciyar da ke kan fayil ɗinta, wata Madam Olaguer, ta ce kuɗin da suna biyu suka zo, sai an kawo takardar mutuwar Dolpo. Ta kawo. Aka ce ta asali ake so mai hatimi. Ta kawo. Aka ce a takardar mutuwa an rubuta sunansa Teodulfo, a takardar bashi kuma Teodolfo, sai ta yi takardar rantsuwa a wurin lauya cewa mutum ɗaya ne.

"Na ce mata, Madam, shekara talatin ina kwana da shi, ban taɓa ganin sun zama biyu ba."

Kafin ta gama wannan, takardar mai unguwa ta wuce kwana talatin, aka ce ta tsufa. Duk zuwa ɗaya, ranar kasuwa ɗaya ta tafi.

A zuwa na shida ne Madam Olaguer ta juyo mata da fuskar kwamfuta. Hoton gidanta ne, wani ma'aikacinsu ya ɗauka daga bakin titi.

"Nanay," in ji ta, wato Mama, "ai ga rufi a kan gidanki."

"Na maƙwabta ne, 'yata. Aro suka ba ni."

"Babu gurbin aro a takardar nan. In gida na buƙatar gyara, mu sakar miki kuɗi. In an riga an gyara, ki kawo rasit na kayan da kika saya mu biya ki. In babu rasit, ranar Juma'ar ƙarshen wata za a zuba kuɗin a cikin bashinki a rufe fayil. Ai ba asara kika yi ba."

"Bashin ne zai tare mini ruwa?"

Madam Olaguer ba muguwa ba ce. Ta duba hagu ta duba dama, ta rage murya ta ce za ta sa a turo injiniya ya sake dubawa, amma sau ɗaya ne, abin da ya rubuta shi ke nan.

A unguwa kuwa ruwa bai ɗauke ba. Mahaifiyata na girki a ƙarƙashin lema. Aladen wata maƙwabciya biyu suka kamu da sanyi, ɗaya ya mutu. Babu wanda ya ce wa Manay uffan, kuma shirun nan ya fi yi mata ciwo. Ta daina bi ta gaban gidajen da ta san kwanonsu na kanta, sai ta zagaya ta bayan coci.

Mai shagon kayan gini ya ji labari, ya tare ta a kasuwa. Zai rubuta mata rasit na falle ashirin da biyu da katako da ƙusa, da kwanan wata na baya, in kuɗi sun fito ta ba shi kashi ɗaya cikin goma. Kowa haka yake yi, in ji shi. Har ya rubuta ya cusa mata a kwando. Kwana uku takardar na cikin gwangwanin biskit. A rana ta huɗu ta mayar masa.

Manoy Gorio ya kama kai. "Manay, ke wace iri ce? Kuɗinki ne fa! Shekara nawa kina biya?"

"Kuɗina ne, shi ya sa ba zan karɓe su da ƙarya ba. In suka gano, gidan za su ɗauke. Sannan in ce wa Dolpo me?"

"Dolpo da ke cika mota da mutum talatin ya ce wa ɗan sanda ashirin ne?"

"Rufe mini baki, tsohon banza."

Injiniyan ya zo ranar Laraba, saura kwana biyu. Daga Manila aka turo shi saboda yawan aiki, gidanta ne na goma sha ɗaya a ranar, hadari kuma ya haɗu baƙi ƙirin ta gefen teku. Ya tsaya a titi ya ɗaga wayarsa. Manay ta sha gabansa.

"Injiniya, ba a duba gida daga waje kamar mai neman aure. Shigo ka ci abinci."

"Na ƙoshi, Nanay, sauri nake."

"To shigo ka ɗaga kai."

Ya shiga. Babu silin, guguwa ta tafi da shi. Ya ɗaga kai ya ga sunayen maƙwabta a cikin kwanon. Borjal da jan fenti, Buban da shuɗi, Bonagua, Brutas, wani a miƙe wani a juye, sunaye tara a saman falo ɗaya, babu Bongalon ko guda. Mu da muka taru a ƙofa muka yi masa bayani, kowa na nuna nasa.

Ya share gumi. "Ni na yarda, Nanay. Amma takardar tambaya ɗaya ta yi: akwai rufi ko babu. Waɗanda za su duba hoton nan a ofis ba su san fentinku ba. Za su ga kwano, su ce akwai."

"In babu fa?"

"In babu, in rubuta babu."

"Sai su saki kuɗin?"

"Wannan ba a hannuna yake ba. Ni abin da na gani nake rubutawa."

Iska ta fara kaɗa ganyen kwakwa. Manay ta dubi sama, ta dubi gadonta da ke ɗaki, ta juyo wurinmu.

"Gorio, ɗauko tsani. Kowa ya cire kayansa."

"Kin haukace? Dubi hadari!"

"Na gani."

"In muka cire suka hana ki kuɗin fa? Kin tashi a tutar babu!"

"Kayan aro ba ya rufe katara. Wata biyu ina kwana a bushe, aladen mutane na mutuwa. Dama na ce zan mayar, to yau ce ranar. Ko ka hau ko in hau da kaina."

Ta kama tsanin da gaske. Manoy Gorio ya fizge yana zage-zage, ya hau, muka bi shi. Mata suka kwashe katifa da buhun shinkafa zuwa maƙwabta. Injiniya ya duba agogo, ya ce minti arba'in zai iya jira. Ƙusoshin da muka buga da ƙarfinmu muka dinga zarewa, iska na neman fizge falle daga hannun mutum. Duk wanda aka sauke, Manoy Gorio ya karanta sunan da ƙarfi, mai shi ya zo ya ɗauka a ka. Da aka kira na gidanmu na ji kunya kamar sata na yi.

Muna kan falle na goma sha takwas ruwa ya sauko. Muka ƙarasa a jiƙe. Injiniya ya shiga falon da babu komai a samansa sai katako, ya ɗauki hoto, ruwa na dukan kafaɗarsa. Manay na tsaye a inda muka same ta ranar guguwa, da gwangwaninta. Ya rubuta a takardarsa yana kare ta da jikinsa, ya nuna mata wurin sa hannu, ya shiga mota.

Juma'a ta zo ta wuce, babu labari. Manay ta ƙi kwana a gidan kowa. Ta ɗaura tamfol a lungun da take banda, nan ta shimfiɗa tabarma. Tari ya kama ta. Kullum Manoy Gorio zai biyo ya ce, "Sun kira?" ta ce, "Ka ji wayar ta yi kuka?"

A rana ta goma sha tara da zuwan injiniya Madam Olaguer ta kira. Za a saki rabin kuɗin yanzu, sauran in an gama aiki an kawo rasit da hoto. Kuma ta taho da sabuwar takardar mai unguwa, waccan ta sake tsufa.

Rabin ya isa kwano. Ranar da aka sauke su, sababbi fil, Manay ta jera su a ƙasa, ta buɗe gwangwanin jan fenti. Manoy Gorio na gefe da guduma yana ƙorafin rana na tafiya.

"Ka jira," ta ce. Ta miƙo mini wayarta. "Ungo, ɗauki hoto tukuna. Kowane falle, gaba da baya."

Sannan ta durƙusa ta fara rubuta Bongalon.