Mai Saita Piano a Tashar Mansura

Ƙarfe bakwai da kwata Malam Ghali akawu yake shiga tashar Mansura kullum, kuma yau kwana huɗu ke nan yana tarar da wani dattijo a benci guda. Siriri ne, takunkumi a haɓa, jakar kayan saita piano tsakanin ƙafafunsa. Yana sauraron waya, yana mai da kiɗan baya, yana danna abin sauraro cikin kunne har fuskarsa ta yamutse. Ghali na zaton kunnen nan ne ke riƙe da gida.

Yau dattijon ya miƙo masa abin sauraron.

"Ɗan'uwa, taimaka ka saurara. Kiɗan piano ne na wani ɗan Rasha, makaɗa uku suka buga shi. Dukansu sun tsallake siraran sautukan sama, ko? Tun da na tashi daga korona ban samu mai buga su ba. Ga otal-otal na jirana kafin gasar kofin duniya."

Ghali ya saurara. Ƙarar ta kusa fasa masa kunne, sautukan kuma suna nan tar a duka ukun.

Dattijon ya ƙura wa leɓɓan Ghali ido, yana jiran amsa.