Ɗaki Ɗaya, Masu Barci Uku

Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da na ba Iliya haya, sai ga wani ƙato da ban taɓa gani ba ya buɗe, yana murza ido.

A unguwar Kakuri ne, lokacin mulkin soja, sa'ad da masaƙu ke aiki ba dare ba rana. Iliya ɗan Filato ne, ma'aikacin masaƙa, kuma shi kaɗai na ba ɗakin. Amma rijiyar gidan ta ƙafe tun rani bai yi nisa ba, masai ma ya cika. Na rasa dalili.

Na ce, "Kai kuma wane ne?"

Ya ce, "Hajiya, ni ne mai barcin rana. Iliya ke barcin dare, mai barcin safe kuma yanzu ya fita aiki."

Ashe karɓa-karɓa suke yi da katifa ɗaya! Ni da yashe rijiya da kwashe masai, Iliya kuwa ya zama maigida a cikin gidana.

Ina tsaye ina huci, ƙaton nan ya ce wai in gyara taga, rana na damunsa.

Har yau abin na ci mini rai. Masu gidajen haya, da ku ne, wa za ku fara kora?