Gambar bakin korama

Garinmu ba shi da kogi. Korama gare mu, wadda take gudu in an yi ruwan sama, ta sauko daga tudu ta bi gefen gonarmu ta zuba cikin tabkin da ke yamma da gari. A shekarun farko bayan tafiyar Nasara, ruwan tabkin nan yakan kai mu har tsakiyar rani.

Tun kakanni akwai wani yanki a bakin koramar da ba a nomawa, faɗinsa kamar taku goma, cike da gamba da sabara. Ana cewa hanyar doguwa ce, iskar da ke tsaron wurin. Gwoggona, yayar mahaifina, ita ke kai mata gumba duk farkon damina.

Ni kuwa lokacin na kama salla da gaske, kuma gwamnati tana ta kira a noma gyaɗa. Na dubi ƙasar nan mai kyau tana kwance, na ce tsoron mutanen da ne kawai. Na share ta har bakin ruwa, na sa wuta. Maƙwabta suka ga ba abin da ya same ni, su ma suka share nasu. Gwoggo ba ta yi faɗa ba. Ta zo ta dubi toka, ta dube ni, ta koma gida.

Doguwa ba ta taɓa ni ba. Yashi ne ya zo. Cikin damina biyu korama ta cinye gefenta, ta kwashi gonakinmu ta zuba cikin tabki. Ruwan da yake kai wa mutum ƙirji ya koma iyakar gwiwa, kafin sanyi ya wuce ya zama taɓo.

Akwai wani tsohon Bafillace da ke sauka a gonarmu kowace kaka tun mahaifina na da rai. Shi ya riƙe ni ranar da aka yi mini kaciya. Mu Arawa da Fulani abokan wasa ne, ba ma gaisawa sai da tsokana. Wata safiya na same shi a bakin taɓon, shanunsa na tsaye suna kallo.

"Ba'are, bawana," ya ce, "ka cinye mini tabki. Ka ƙoshi?"

"Shanunka suka shanye shi, ɓarawon kara."

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Bana ce ta ƙarshe, ɗana. In haka ne baɗi, kudu za mu yi, wajen babban kogi."

Daga nan na tafi wurin Gwoggo na durƙusa. Ta ja ni bayan gari, ta sa na tumɓuke gindin gamba guda. Da ƙyar ya fito, saiwa ta riƙe ƙasa cike da hannu biyu.

"Ni ban san ko doguwa ke riƙe gamba ko gamba ke riƙe doguwa ba," ta ce. "Amma ka ga abin da ke riƙe ƙasa."

Na fara bi gida gida, ina roƙo a bar noman bakin korama, a mayar da gamba. Wasu suka ce malam ya koma bori. Wasu suka ce in fara barin nawa. Na bari, kunya ashirin na gyaɗar da ta fi kowace kyau. Duk inda na shiga nakan tafi da gindin gambar nan, in ajiye a tsakar gida, in ce ni na fara ɓarna. Ba na gardama, gobe in sake dawowa. Daga baya maigari ya sa aka yi shela ranar kasuwa, aka kira gayya.

Da rani muka yashe tabki, mata suna kwasar yashi da ƙwarya. Da ruwa ya sauka muka rarraba gindin gamba muka dasa, muka jera duwatsu inda korama ta fi ci. Tsohon ya ce zai jira damina ɗaya. Shi ya saro ƙaya ya yi shinge, ya hana shanunsa kusantar dashen, yana zagina a kowace ƙaya. Gwoggo ta kai gumbarta, ba wanda ya hana ta, ni ma na riƙe mata ƙwarya har bakin wurin.

Daminar ɗaya ta zama uku. Gwoggo ta rasu a ta biyu, gamba tana kai mata kugu. Tabkin bai koma zurfinsa na da ba har yau, amma a shekara ta uku sanyi ya wuce yana da ruwa.

Ranar nan tsohon ya naɗe wando ya shiga, ya soka sandarsa har ƙasa, ya fito da ita ya daɗe yana duba inda ta jiƙe.

"Ba laifi, aikin bawa ne," ya ce. "Je ka gaya wa matarka ta ajiye hatsin musayar nono. Muna nan."