Ƙyallen Burulkan a Bishiyar Tuffa

A garinmu in ka ce Toktosun, ba kowa zai gane ba, sai ka ce Mai Almakashi. Shi ne mai kula da gandun itatuwan da ke gindin dutse, inda ba a dasa komai sai abin da ƙasar Kirgiz ta haifa: itacen arca mai ƙamshi, tuffar daji, da furannin kan tudu. Can ya ci ƙuruciyarsa, can ya yi furfura. Hanyar nan da iyalai ke bi ranar Lahadi da keken jarirai da kwandon gurasa, shi ya sare ta da hannunsa. A da hawa ne mai tsinka numfashi, sai awaki da masu taurin kai.

Sunan kuwa faɗansa da tsummoki ya jawo masa. Mutanenmu ba sa ganin bishiya a kan tudu su wuce. Sai sun yagi ƙyalle sun ɗaura a reshe, su roƙi haihuwa, ko lafiya, ko dawowar matafiyi. Kuma ƙulli ake yi tamau, wai kada addu'ar ta kwance. Reshe ya yi kauri, ƙyalle ya nutse cikin ɓawo, reshe ya bushe. Toktosun ya tsani abin nan kamar ciwon haƙori. Duk Litinin yakan bi hanya yana datsewa yana mita, ya tara, ya cinna musu wuta.

Bishiyar da ta fi shan ɗauri ita ce tuffar da ke can ƙarshen hanya. Matarsa Burulkan ta zo da ƙwayoyin tuffar daga ƙauyensu a ƙulle a gefen ɗankwali lokacin da aka kawo ta amarya, shi ya shuka. Ya yi mata alkawari in ta yi fure zai kai ta ta gani. To, alkawari ba ya ruɓa, amma mai shi yana tsufa. Surukar gida ba ta yawo, baƙi ba sa yankewa, shayi kuma ba ya zuba kansa. Shi ma, mu faɗi gaskiya, kunya yake ji a gan shi yana tafe da matarsa kamar ɗan birni. Matan wasu dai ya yi musu jagora har ya gaji.

"Bari in gyara hanyar tukuna," haka yake ce mata duk bazara.

"To, Baban Ermek," ita ke nan amsarta.

Ermek shi ne ɗansu tilo. Ya tafi Mosko aikin gini, da fari yana kira, daga baya kiran ya ja baya, har ya ɗauke. Masu dawowa sun ce yana raye. Iyakar abin da aka sani ke nan.

Sai da gwiwoyin Burulkan suka ƙi, yanar ido ta fara rufe mata gani, likita a birnin Osh ya yi maganar zuciyarta, sannan hankalin Toktosun ya tashi. Ya baje sauran tudun, ya kafa benci a duk lanƙwasa. Tsoronsa ɗaya, kada tuffar ta yi fure matar ba ta iya tashi.

Wata Lahadi ya riƙo hannunta suka kama hanya. Yara na tsere suna wuce su. Wani maƙwabci da ya shimfiɗa bargo da iyalinsa ya ɗago kai.

"Baba, yau amarya aka fito da ita shan iska?"

"Amaryar da ta fi uwarka shekaru," in ji Burulkan, tana haki tana dariya. "Tsohon nan sai da na makance ya ga damar nuna min fure."

Toktosun ya yi yaƙe, maganar ta soke shi.

Suka huta a kowane benci har suka isa. Tuffar ta yi fari fat, ƙudan zuma na ta kai-komo. Ya buɗe baki zai kwatanta mata, sai ta saki hannunsa. Ta zagaya bayan bishiyar ba tare da ya nuna mata ba, ta miƙa hannu tana lalubar wani reshe na ƙasa.

"Baban Ermek, duba min. Yana nan?"

"Me?"

"Ƙyallena. Shuɗi ne, mai ƙananan ɗigo."

Sannan ta gaya masa. Shekarar da Ermek ya daina kira, ta hau nan ita kaɗai, tun hanya na da tsayi, da rarrafe ta ƙarasa. Ta yanko ƙyallen daga rigar farko da aka sa wa yaron yana jariri, wadda kowace uwa ke adanawa a ƙasan akwati. Ta ɗaura shi a bayan bishiya don kada ya gani.

"Na ce muddin yana nan, yaron zai dawo," in ji ta.

Toktosun ya tuna ƙyallen sarai. An ƙulle shi har almakashi ya ƙi ci, sai da ya sa wuƙa, yana cewa wace marar hankali ce wannan. Rigar da ya rungumi ɗansa a ciki, bai gane ta ba.

Akwai wasu tsummokin a reshen. Da ya ɗora hannunta a kan ɗaya, da ba za ta taɓa sani ba. Ya kasa yaudararta.

"Na yanke shi, Burulkan. Na ƙone."

Ta daɗe tana shafa reshen. Yatsanta ya tsaya a kan tabon da ƙullin ya bari.

"Na yi zaton ko nawa za ka gane," ta ce a hankali. Ba ta yi kuka ba, shi ne ya yi.

Can ta kama gefen ɗankwalinta da haƙori ta yage, ta miƙa masa.

"Kai za ka ɗaura. Kada ka tsuke, tun da ka ce yana yi wa rassan ciwo."

Burulkan ba ta sake ganin wata bazarar ba. Ermek har yau bai zo ba. Toktosun na nan da almakashinsa, duk Litinin yana datsewa, sai dai ya daina mita, kuma kafin ya yanke kowane ƙyalle sai ya juya shi ya duba. Guda ɗaya ne ba ya yankewa. Duk shekara in reshen ya ƙara kauri, yakan je ya sassauta ƙullin.