Littattafan Matar Malam Goma Sha Bakwai

Mijinta malamin aikin gona ne. Da malamin lissafin makarantarsu ya ajiye aiki, sai shugaban makaranta ya miƙa masa alli ya ce ya riƙe ajin kafin a samo wani. Ba a samo ba, har shekara goma sha bakwai.

Ranar farko ya dawo gida gumi sharkaf, ya jefar da littafi kan tabarma. Matar, wadda unguwa ke kira Matar Malam, tana gugar kaya. A aji huɗu na sakandare ta tsaya, amma duk ajin ba wanda ke kama ƙafarta a lissafi. Ta leƙa shafin: x² + 7x + 12 = 0.

"Malam, ai lambobi biyu za ka nema. In ka ninka su ka sami sha biyu, in ka haɗa su ka sami bakwai. Uku da huɗu ke nan."

Ya harare ta, sannan ya turo mata biro.

Tun daga ranar, kullum bayan cin abincin rana takan zauna bakin gado ta warware masa darasin gobe, mataki mataki, har da tambayoyin da yara za su iya yi. Shi kuma ya kwafe da hannunsa. Kowace shekara littafi guda take cikawa. Yara suka yi ta cin jarrabawa, sunan Malam ya zaga gari, aka ba shi mataimakin shugaba, ya huta da shiga aji.

Malamai suka zo gida taya shi murna. Ta shigo da shayi, ta tarar wani sabon malami yana kokawa da 6x² + x − 12 a bayan ambulan, ya soke layi uku. Tana ajiye kofuna bakinta ya suɓuce.

"Raba na tsakiyan, ƙanena. Tara a haɗa, takwas a cire."

Ya gwada, abu ya fita. Malam ya kwashe da dariya.

"Aku gare ni a gida! Abin da ta ji ina faɗa take maimaitawa. Ke, sukarin ya yi kaɗan."

Kowa ya dara. Ita ma ta yi murmushi, don ba ta san inda za ta sa fuskarta ba.

Washegari ya kwashe littattafan a kwali, ya ce ofis ya fi tsaro. Da ta tambaya bayan wata biyu, ya ce gara ta cinye.

Ya rasu shekara shida da suka wuce. Yanzu tana gidan babban ɗanta, a ɗakin da ke kusa da kicin. Kwanan baya jikarta ta zauna a falo tana kuka kan aikin gida na lissafi da aka ba ta a makaranta. Tsohuwar ta jawo kujera, ta gyara tabarau, ta miƙa hannu.

"Umma, don Allah kar ki rikita ta," in ji ɗan, idonsa na kan waya. "Wannan ba girki ba ne. Kai, da Baba na raye!"

Ta janye hannun. Yarinyar ta rubuta ƙari inda ya kamata ta sa ragi, ta rufe littafi, ta tafi wasa.