Gonar da Kaka Ya Bar Mini da Baki

A lokacin ina matashi mai sabon aure a wani ƙauye kusa da Fagam, irin mutanen nan da ko ƙafarsu aka taka su ne za su ba da haƙuri. Mahaifina ya riga kakana rasuwa, don haka ba ni da gado a gidan. Kaka ya san da haka. Yana kwance ciwon ajali ya kira aminansa biyu, ya yi wasiyya a gabansu cewa gonar fadama tawa ce, tunda ba ta kai sulusin abin da zai bari ba.

Bayan sadakar arba'in, baffana, ƙanin mahaifina, ya ce mini ya je kotu a Gwaram an tabbatar da komai, in ci gaba da nomana. Ban nemi ganin takarda ba. A wajenmu, yaro ya ce wa baffansa nuna mini, ai ya zage shi ke nan. Na yi kara, na ja bakina, shekaru suka yi ta wucewa ina kwasar shinkafata.

Abin a hankali ya fara. Ɗaya daga cikin shaidun ya rasu, a wajen jana'izar na ga baffa yana kallona, da muka haɗa ido ya kawar da kai. Daga nan tuwon da matata ke aika masa ya fara dawowa a rufe. Wata safiya na tarar da sawun takalma an bi iyakar gonar kaf, an kakkafa turaku a kusurwoyinta. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai ga kowa ba. Ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Na tafi kotun Gwaram, magatakarda ya duba, ya ce babu wanda ya taɓa kawo wannan magana. Aka yi mini kwatancen wata lauya a Birnin Kudu mai taimakon marasa ƙarfi. Ta saurare ni, ta ce da sauran numfashi, shaida ɗaya da rantsuwata za su iya wadatarwa, amma in hanzarta. Ko gida ban biya ba na wuce wajen tsohon da ya rage. Ya tarbe ni da fara'a, ya riƙe hannuna, sannan ya tambaye ni ko kaka ya dawo daga kasuwa. Iyalinsa suka ce tun bara ya rikice.

Yanzu maganata da baffa tana gaban alƙali. Bana ma na yi shuka, ban san wanda zai girbe ba. Kara ba laifi ba ce, amma ni ta jawo mini abin da nake kwana ina tashi da shi. Duk wanda aka yi wa wasiyya, ya kai shaidunsa kotu da ƙafarsa tun suna gane shi, ko da za a ce ba shi da kunya. Tsofaffi ba sa jiran ka gama jin nauyin kowa.