Shekarar da Na Ji Tsoron Buta

Ni da aka haifa a bakin gulbi, na yi wanki a cikinsa, na yi wanka, na sha, ban taɓa zaton wata rana butar alwala za ta fi ƙarfina ba. Amma haka aka yi, shekarar da jirginmu ya kife muna dawowa daga cin kasuwa a tsallaken gulbi, ƙasar Benin.

Albasa nake kaiwa, in sayo bandar kifi. Ranar an yi wa jirgin lodi ya wuce kima. Muka yi magana, mai jirgi ya ce mata ba sa rabo da surutu. Ba mu yi nisa ba jirgin ya karkata. Abin da na iya tunawa kawai shi ne ruwa yana shiga hancina yana hawa har tsakar kai kamar an zuba barkono, sai kuma hannun wani masunci a wuyan rigata. Maƙwabciyata, wadda muke zaune kan buhu ɗaya da ita, ba a ga gawarta ba sai washegari.

Mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa yana cewa in gode wa Allah, na kuwa gode. Da na ɗan sami ƙarfin jiki, azahar ta yi, na ɗauki buta. Na wanke hannu, na kurkure baki, na ɗebo ruwa na kai hanci. Nan take numfashina ya ɗauke, na ji ni a ƙarƙashin jirgin nan, duhu ta ko'ina. Na yi jifa da butar, na zube a tsakar gida ina haki, kaji sun kewaye ni suna kallo.

Daga ranar fuskata ta daina yarda da ruwa. Wanka sai da jiƙaƙƙen tsumma, daga wuya zuwa ƙasa. In an kira sallah sai in zaga bayan ɗaki da buta, in tsiyayar da ruwan a ƙasa, in shiga in zauna kan darduma ba tare da na tayar ba, tunda na san ba ni da tsarki. Tsoron ruwa daban, tsoron in mutu ba na sallah daban, kuma na biyun ya fi cin raina.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ba a yi mata ɓoyo. Wata la'asar na fito daga bayan ɗaki, ta ƙare mini kallo ta ce, “Wagga alwala taki ba ta taɓa kwalli?” Kafin magariba ta yanke hukunci, ta kuma sanar da ɗanta. “Mutanen ruwa na sunka kama ta. Wa kat taɓa gani yana gudun alwala in ba da wani abu cikinai ba? Akwai mai magani Dahomi, in an gama yankan shinkahwa ka kai ta.” Inna har yau Dahomi take ce wa Benin. Ƙauyen mai maganin kuwa ba a zuwansa sai ta jirgi.

Wato maganin wadda ruwa ya firgita shi ne a sake ɗora ta a kan ruwa. Na yi fushi ƙwarai, amma fushin bai hana ni zargin kaina ba. Ina zaune sai in ce, to in Inna ce ke da gaskiya fa? Maigida mutum ne mai tausayi, tausayin ne ma ya sa ya yarda. Kullum in ya dawo daga fadama yana murnar shinkafa ta fara nuna, ni kuma ina ƙirga kwanakin da suka rage a sa ni jirgi.

Bugun zuciya ne ya kai ni asibiti a Bagudo, ina zaton hawan jini ya kama ni. Aka auna aka ce lafiya lau, sai ma'aikaciyar ta nuna mini wani ɗan ɗaki inda wata malama ke ganawa da mata masu damuwa. Na shiga ina ƙunƙuni, don ni ƙwaya na zo nema, ba hira ba. Na tarar da mace mai kamar shekaruna, da hijabinta, carbi a hannu. Da na ambaci jirgi, sai ta fara da yi wa maƙwabciyata addu'a. Sannan ta bar ni na amayar da duk abin da ke cikina, har maganar darduma da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na ce, “Malama, in aljani na, ki hwaɗa mini gaskiya.”

Ta ce, “'Yar'uwa, ni mace nig gani wadda ta nutse ta hito. Ke kin san kin hito, jikinki na bai sani ba tukuna. Wadda imaninta ya tahi ba ta kuka don ta rasa sallah.”

Ba ta zagi Inna ba, ba ta kuma ce in bar addu'a da karatu ba. Da na tambaye ta hukuncin sallata, ta ce ita ba ta ba da fatawa, amma mu je wurin malamin da ke karantar da matan aure a unguwar. Muka je, ya saurara, ya ce marar lafiyar da ruwa ke cutarwa taimama take yi har ta warke, kuma shaƙa ruwa sunna ce, barinsa ba ya ɓata alwala. Abin haushi, tun ina makarantar allo na san wannan, tsoro ne ya share shi daga kaina. Ranar na dafa ƙasa na yi taimama, na yi azahar ina kuka.

Daga nan na riƙa komawa wurin malamar asibitin. Ta koya mini in jiƙa yatsa in taɓa goshi, idona a buɗe, ina sakin numfashi a hankali ina tasbihi. Daga yatsa sai tafin hannu, daga goshi sai kunci. In duhun ya taso, in faɗi abin da nake gani a gabana, ga bango, ga buta, ga ƙafata a kan ƙasa. Wata rana in ci gaba, wata rana in koma baya. A gida kuwa taimamar ta ƙara wa Inna hujja, ta ce ina aka taɓa dafa ƙasa alhali ga randa cike. Aka yanke shinkafa, aka casa. Maigida ya ce ya yi magana da mai jirgi, gobe da hantsi za mu tashi.

A ranar da ya faɗi haka, da aka kira azahar na ɗauki buta. Ban zaga baya ba, na tsuguna a tsakar gida inda Inna ke tsintar shinkafa, maigida yana zaune a inuwa. Na wanke hannu, na kurkure baki, na tsallake hanci. Na cika tafuna biyu na kai fuska. Duhun ya taso, na ji kamar in ƙwalla ihu. Na ce a raina ga bango, ga Inna, ga ƙafata a ƙasa. Na cuɗa daga goshi har haɓa, na ƙarasa sauran gaɓoɓin da ƙyar.

Inna ta ce, “Ba ki shaƙa ba.”

Na ce, “Sunna ta, Inna.”

Ta daɗe tana kallon kwallin da ya gangaro mini a kunci. Sai ta juya ga ɗanta ta ce, “Tahi ka ba mai jirgi haƙuri.”

Har yau ban sake shiga jirgi ba, albasata ta mota nake aikawa, kuma har yau ban iya shaƙa ruwa ba. Kowace alwala in na zo wurin hanci sai gabana ya faɗi. Nakan ɗan dakata in nema wa maƙwabciyata gafara, sannan in kai ruwan fuska.